Sankarar jini: me ya sa wani rahoto ke cewa ana warkewa, wani kuma yana ƙirga watanni?

Ɗalibar Jinya:

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Ina da tambaya a kan sakamakon binciken da ake fitarwa game da maganin sankarar jini, domin alƙaluman sun ƙi zama mini wuri ɗaya.

Wani rahoto ya ce yara masu lukimiya (sankarar fararen ƙwayoyin jini) irin ta ALL, mai saurin tsananta, kusan 90 cikin 100 suna nan da rai bayan shekara 5 a inda ake da cikakken kayan aiki. Wani kuma, a kan tsofaffi masu AML, wata lukimiyar mai saurin tsananta, murna yake yi don sabon magani ya kai majinyata wata 14.7 maimakon 9.6. Mai CML, lukimiya mai tafiya a hankali, an ce ƙwaya zai riƙa haɗiya kullum ya ci gaba da harkokinsa. Mai mayaloma, sankarar ƙwayoyin ɓargo masu ƙera sinadarin garkuwa, an ce ana lafar masa da ciwon, amma ba a cika cewa ya warke ba. Alhali a bakin mutane duk sunansu ɗaya.

Me ke kawo wannan tazarar? Idan aka ce magani ya ƙara wata 5, me ake nufi ga mutumin da ke kwance a gado? Kuma a cikin sababbin magungunan da ake ta yayatawa, wanne ne ya sauya lissafi da gaske? Don Allah masu sani a taimaka da bayani mai gamsarwa.

Likitan Jini:

Wa alaikumus salam Malama. Alƙaluman ba za su zauna wuri ɗaya ba, don cututtuka ne barkatai da suka haɗa tushe kawai: ɓargo, da ƙullutan garkuwar jiki waɗanda ke kumbura su zama kaluluwa. Abin da ke raba makomar majinyaci da ta maƙwabcin gadonsa shi ne wace ƙwaya ce ta lalace, a wane mataki na girmanta, kuma wane kuskure ne ya shiga DNA ɗinta. Galibi a cikin rayuwa ake samun wannan kuskuren, ba daga iyaye ba, kuma ba a ɗaukarsa daga wani.

Shi ya sa gwajin farko ya fi komai nauyi. Ana ƙidaya ƙwayoyin jini, a shafa ɗigo a gilashi a duba da madubin likita. Sai a ɗebi ɓargo ta bayan ƙashin ƙugu: a zuƙo ruwansa, a kuma yanko ɗan siriri kamar santimita 1.5 zuwa 2. Daga nan na'ura ta karanta alamomin da ke jikin ƙwayoyin, irin su CD19, CD20 da CD33, a duba kuromosom, a nemi sauye-sauyen DNA. Kurakurai biyu ne suka fi ɓata wannan aiki. Na farko a ba mutum dexamethasone ko prednisolone kafin a ɗauki samfuri. Waɗannan suna narkar da ƙwayoyin limfoma (sankarar kaluluwa) da ALL, sai mai dubawa ya rasa abin da zai gani, bayan kwanaki ciwon ya dawo ba a san sunansa ba. Na biyu a tsikari kaluluwa da siririyar allura a ce an gama. Limfoma tana bukatar a ciro ƙullutun gaba ɗaya ko babban yanki, don tsarin ginin cikinsa ne ke faɗin nau'in.

Ɗauki CML. A 1960 Peter Nowell da David Hungerford suka ga wani gajeren kuromosom a ƙwayoyin masu wannan ciwo, aka raɗa masa sunan birnin Filadelfiya. A 1973 Janet Rowley ta nuna cewa kuromosom na 9 da na 22 ne suka yi musayar gutsure. Haɗin nan ke samar da BCR-ABL1, wanda ke umartar ƙwaya ta yi ta hayayyafa ba ji ba gani. Imatinib, da aka amince da shi a Amurka a 2001, toshe shi yake yi. Miligiram 400 kullum, tare da abinci da ruwa mai yawa. A gwajin IRIS, kusan kashi 83 cikin 100 na waɗanda suka fara da shi suna raye bayan shekara 10. Amma ba a ba da ƙwayar a sallami mutum. Ana auna BCR-ABL1 a jini da gwajin PCR duk wata 3, kuma akwai matakan da ake so a kai: kashi 10 ko ƙasa a wata na 3, kashi 1 a wata na 6, kashi 0.1 a wata na 12. Idan ba a kai ba, tambayar farko ita ce ko ana shan maganin yadda ya kamata, domin tsallake kwanaki na daga manyan dalilai. Sai a nemi sabon sauyi a DNA. Akwai mai suna T315I wanda imatinib, dasatinib da nilotinib duk ba sa kama shi, sai ponatinib ko asciminib.

Yanzu har daina shan maganin ake gwadawa. Wanda ya yi shekaru yana sha, kuma alamar ta kwanta ƙasa sosai na aƙalla shekara 2, ana iya dakatar masa, a riƙa PCR duk wata a farkon lokacin. Wajen rabi ba sa sake bukata. Sauran alamar tana tasowa, yawanci cikin wata 6 na farko, kuma kusan dukansu tana sake kwantawa idan aka mayar da su kan ƙwayar da wuri. Inda babu amintaccen PCR, kada a gwada.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne APL, wani reshe na AML inda kuromosom 15 da 17 suka yi musaya. A da yana cikin masu saurin kisa. Likitoci a Sin suka gano cewa ATRA, dangin bitamin A, da arsenic trioxide suna sa ƙwayoyin da suka tsaya a ƙuruciya su ƙarasa girma su mutu da kansu. Gwajin APL0406 da aka wallafa a 2013, a kan waɗanda fararen ƙwayoyinsu ba su wuce 10,000 a maikurolita ba, ya nuna kashi 97 cikin 100 suna lafiya bayan shekara 2 da waɗannan biyun kaɗai, a kan kashi 86 na waɗanda aka haɗa wa ATRA da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara. Duk da haka ana rasa mutane a kwanakin farko saboda zubar jini a ƙwaƙwalwa ko huhu, wasu tun kafin a tabbatar da sunan ciwon. Ƙa'ida ita ce da zarar an yi zargin APL a gilashi, a fara ATRA a ranar, miligiram 45 ga kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, wato mg/m², a raba biyu a yini. A riƙe ƙwayoyin daskarar da jini sama da 30,000 zuwa 50,000, fibrinogen, sinadarin da ke daskarar da jini, sama da 150. Idan zazzaɓi, sarƙewar numfashi da kumburi suka taso bayan kwanaki, ƙwayoyin ne ke girma a lokaci ɗaya suna cika huhu, a ba da dexamethasone miligiram 10 sau biyu a yini ba tare da jira ba.

Sauran AML kuwa ba su da ƙofa ɗaya da za a rufe. Mai ƙarfin jiki har yanzu tsarin 1973 ake dora shi a kai: cytarabine kwana 7 ba yankewa, daunorubicin kwana 3. Abin da aka ƙara shi ne duba DNA. Mai sauyin FLT3 ana haɗa masa midostaurin ko quizartinib. Mai sauyin TP53 har gobe sakamakonsa ba daɗi, kowane magani aka ba shi.

Malamin Ƙididdiga:

Likita ya yi bayanin ɓangaren ciwon. Ni zan taɓa tambayarki ta biyu, ƙanwata, domin nan aka fi ruɗa majinyata da danginsu.

Wata 14.7 ɗin nan daga gwajin VIALE-A ya fito, a 2020. Mutum 431 ne, tsaka-tsakin shekarunsu 76, waɗanda jikinsu ba zai ɗauki kemo mai zafi ba. Aka raba su ta ƙuri'a, wasu azacitidine kaɗai, wasu azacitidine da venetoclax. Idan aka jera majinyatan a layi daga wanda ya fara rasuwa zuwa wanda ya fi daɗewa, 14.7 shi ne lokacin mutumin da ke tsakiyar layin. Rabi ba su kai ba, rabi sun wuce, a cikin waɗanda suka wuce kuma akwai masu shekaru. Don haka kuskure ne a ce wa mutum saura maka wata 15, kuskure ne kuma a ce maganin ya ƙara wa kowa wata 5. Wasu bai ƙara musu komai ba, wasu ya ƙara musu da yawa. A wannan gwajin ciwon ya lafa ga kusan kashi 66 cikin 100 a kan kashi 28, kuma masu sauyin IDH sun fi masu TP53 amfana nesa ba kusa ba.

Abu na biyu, a duba me aka auna. Akwai tsawon lokacin da ciwon bai motsa ba, akwai tsawon ran majinyaci. Kanun labarai sukan cakuɗa su. Misalai uku sun isa.

A limfoma ta DLBCL, tsohon haɗin R-CHOP, zagaye 6 duk kwana 21, yana warkar da kusan 6 cikin 10. Gwajin POLARIX ya cire vincristine ya sa polatuzumab. Bayan shekara 2, waɗanda ciwonsu bai motsa ba kashi 76.7 ne a kan 70.2. Yawan masu rai kuwa bai bambanta ba a lokacin, don wanda ciwonsa ya dawo yana da magani na biyu. A mayaloma, gwajin DETERMINATION na 2022 ya kwatanta yin dashen ɓargon mutum da kansa da wuri da jinkirta shi. Ciwon ya kwanta wata 67.5 a kan 46.2, tazara babba, amma masu rai bayan shekara 5 kusan kashi 80 ne a kowane ɓangare. Wannan bai sa dashen ya zama banza ba, kusan shekara biyu ba tare da ciwo ya tashi ba abu ne mai daraja. Sai dai dole a faɗa wa majinyaci gaskiyar abin da zai samu.

Na ukun shi ne wanda nake so kowa ya riƙe. A gwajin BELLINI an ƙara venetoclax a kan bortezomib da dexamethasone ga masu mayaloma. Lokacin kwanciyar ciwon ya kusa ninkawa, wata 22.4 a kan 11.5. Amma mace-mace sun fi yawa a ɓangaren sabon maganin, da yawa saboda kamuwa da ƙwayoyin cuta, har hukumar magunguna ta Amurka ta taka birki a 2019. Da an tsaya a lambar farko, da an yi biki a kan maganin da ke cutarwa.

Abu na uku, su wa aka gwada a kansu? Gwaji yakan ƙi mai raunin ƙoda, mai ciwon zuciya, mai HIV ko ciwon hanta, da wanda ba ya iya tashi. Sakamakon da ke takarda yakan fi na ɗakin jinya kyau saboda haka. Akwai kuma wata ƙa'ida da ta daɗe tana tace mutane ba gaira ba dalili. Gwaje-gwaje da yawa suna sharɗanta cewa neutrophil, fararen ƙwayoyin da ke yaƙar bakteriya, su kai 1,500 a maikurolita. Mafi yawan mutanen da asalinsu Afirka ta Yamma ne suna da nau'in jinin da babu alamar Duffy, kuma adadinsu na lafiya yakan zauna ƙasa da na Turawa ba tare da wata illa ba. Sai a hana su shiga gwaji, ko a rage musu magani a kan lambar da ita ce daidai a jikinsu. Ga shi mayaloma ta ninka yawa a baƙaƙen fata na Amurka idan aka kwatanta da farare, amma kasonsu a gwaje-gwajenta kaɗan ne.

Sai ɓurɓushin ciwo, MRD. Madubin likita yana cewa ciwo ya lafa idan miyagun ƙwayoyi suka yi ƙasa da 5 cikin 100 a ɓargo. Na'urorin yanzu suna gano ɗaya cikin 10,000, wasu har ɗaya cikin miliyan. Wanda ba a ga ɓurɓushi a jikinsa ba ya fi daɗewa lafiya, wannan ya tabbata a ALL, AML da mayaloma. Amma "ba a gani ba" yana nufin a wannan samfurin, da wannan na'urar. Idan mai ɗiban ɓargo ya aika zuƙa ta uku da ta gauraya da jini maimakon ta farko, sakamakon zai yi kyau na ƙarya.

Ɗalibar Jinya:

Allah ya saka da alheri, Likita da Malam. Batun tsakiyar layin nan ya warware mini abu babba. Saura na yaran: me ya kai su 90 cikin 100, sabon magani ne? Kuma CAR-T da ake cewa an ɗebi jinin mutum an mayar masa ya warke, ina gaskiyarsa ta tsaya?

Likitar Yara:

'Yata, nasarar yara ta girmi duk waɗannan sababbin magunguna. A 1948 Sidney Farber ya nuna a Boston cewa aminopterin yana lafar da ALL na ɗan lokaci. A shekarun 1960 Donald Pinkel da abokan aikinsa a asibitin St. Jude suka haɗa magunguna da yawa a jere, suka kuma lura cewa ciwon yana ɓuya a ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka, inda maganin jijiya ba ya isa sosai. Daga nan aka fara zuba methotrexate kai tsaye ta allurar gadon baya. Vincristine, steroid, asparaginase, mercaptopurine, methotrexate, duk tsofaffi ne. Abin da ya kawo 90 shi ne shekaru da dama na sa yara a gwaji ɗaya bayan ɗaya, ana gyara tsari kaɗan-kaɗan, da kuma amfani da ɓurɓushin ciwo a ƙarshen watan farko: wanda ya sauka ƙasa da kashi 0.01 a sassauta masa, wanda bai sauka ba a tsananta.

Jinyar tana ɗaukar shekara 2 zuwa 2 da rabi, kuma doguwar wutsiyarta a gida ake yi: mercaptopurine kullum, kamar 75 mg/m², da methotrexate sau ɗaya a mako. Nan ake asarar yaran da bai kamata a rasa ba. Yaro ya murmure, gashi ya fito, yana wasa, sai iyaye su fara sakaci. Binciken ƙungiyar likitocin sankarar yara ta Amurka ya nuna cewa wanda ya sha ƙasa da kashi 95 cikin 100 na mercaptopurine ɗinsa, haɗarin dawowar ciwon ya fi ninki biyu. Ki lissafa, tsallake kwana 2 a wata ya isa ya fitar da yaro daga wannan iyakar. A ɗaya gefen, wasu yaran suna da raunin TPMT ko NUDT15, sinadaran jiki masu warware mercaptopurine, jikinsu ba ya sarrafa maganin, adadin da aka saba zai rushe musu ɓargo. Shi ya sa ake ƙidayar jini a kai a kai ana daidaita adadin.

A sababbin, wanda na ga ya cancanci yabo shi ne blinatumomab. Hannu biyu gare shi, ɗaya ya kama CD19 a jikin muguwar ƙwaya, ɗaya ya kama ƙwayar T ta garkuwar jiki, ya haɗa su gaba da gaba. Ba ya daɗewa a jini, don haka kwana 28 ake yi ana ɗura shi da ɗan famfo ba yankewa, kuma ba a tura ruwa da ƙarfi a layinsa don kada ya shiga a dunƙule. A gwajin E1910 na manya waɗanda ma ba a ga ɓurɓushi a jikinsu ba, ƙara shi ya kai masu rai bayan shekara 3 zuwa kashi 85 a kan 68. Wannan tsawon rai ne aka auna, irin ma'aunin da Malam ya ce a nema. A yara ma gwajin AALL1731 ya ɗaga waɗanda ciwon bai dawo musu ba bayan shekara 3 daga kusan kashi 88 zuwa 96.

CAR-T kuma ga yadda yake. Na'ura tana tace ƙwayoyin T daga jinin majinyaci na 'yan sa'o'i. A kai su ɗakin sarrafawa, a saka musu umarnin gane CD19, ko BCMA idan mayaloma ce, a hayayyafa su. Wannan yakan ci mako 3 zuwa 4, kuma wasu ciwon yana cin ƙarfinsu kafin kayan su dawo, abin da alƙaluman waɗanda aka ɗura wa kaɗai ba sa nunawa. Kafin ɗurawa a ba da fludarabine da cyclophosphamide na 'yan kwanaki don a buɗe musu fili. An amince da na farko, tisagenlecleucel, a 2017. A gwajin ELIANA, yara da matasa 75 da sauran magunguna suka gaza a kansu, kashi 81 ciwon ya lafa cikin wata 3. Bayan shekara 3 kusan kashi 63 ke raye. Ga yaran da ba su da wata hanya wannan abu ne babba, amma ba kowa ya warke ba. Ciwon yana dawowa ta hanya biyu: ko ƙwayoyin T ɗin su ƙare da wuri, ko muguwar ƙwayar ta zubar da CD19 ta zama ba a ganinta.

Illarsa kuma ba wasa ba ce. A makon farko garkuwar jiki tana iya tunzura: zazzaɓi mai zafi, faɗuwar awon jini, ƙarancin iska, a ba da tocilizumab. Wasu su rikice, magana ta sarƙe, rubutun hannu ya lalace, shi ya sa ake sa majinyaci ya rubuta jimla ɗaya kullum a kwatanta. Lafiyayyun ƙwayoyin B ma suna tafiya tare da miyagun, sai an riƙa ƙara wa mutum sinadarin garkuwa ta jijiya. A 2024 hukumar Amurka ta sa a ƙara gargaɗi cewa an samu 'yan ƙalilan da suka kamu da sankarar ƙwayoyin T bayan jinyar.

Mai Haɗa Magani:

Ranku ya daɗe likitoci, ku ba ni dama in ƙara abin da takardun bincike ba sa sa wa a kanu, tunda mai tambayar jinya take karanta. Kaso mai yawa na waɗanda ake rasawa a watannin farko ba sankarar ce ke kashe su ba, abin da ke biyo bayan magani ne, kuma yawancinsa ana iya tare shi.

Zazzaɓi a lokacin da neutrophil suka yi ƙasa da 500, wanda yakan faɗo kwana 7 zuwa 14 bayan kemo, gaggawa ce. Zafin jiki 38.3 sau ɗaya, ko 38.0 da ya tsaya awa guda: a ɗebi jini don shuka, wato gwajin neman ƙwayoyin cuta, a sa maganin bakteriya mai faɗi ta jijiya cikin awa ɗaya, kada a jira sakamako. Mai irin wannan jini ba ya yin mugunya ko ja a wurin ciwo, don babu ƙwayoyin da za su yi, zazzaɓin kaɗai ne shaidar. Wanda ya sha paracetamol a gida ya kwanta ya toshe wannan shaidar. Ba a auna zafi ta dubura, ba a sa magani ta nan.

Sai narkewar ƙari. Idan ƙwayoyi masu yawa suka mutu lokaci ɗaya, kamar a limfomar Burkitt, ALL mai yawan fararen ƙwayoyi, ko farkon venetoclax, potassium, phosphate da uric acid su hau, calcium ya sauka, ƙoda ta toshe, zuciya ta rikice. Ana fara ƙarin ruwa tun kafin kemo, kamar lita 2 zuwa 3 ga murabba'in mita a yini, ba tare da potassium a ciki ba, ana auna fitsari, ana duba gishirin jini sau biyu zuwa huɗu a yini. Allopurinol yana hana sabon uric acid, rasburicase yana narkar da wanda ya taru. Amma rasburicase haramun ne ga mai ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, yana fasa masa jajayen ƙwayoyi, don haka a gwada kafin a ba da. Bayan an ba da shi, samfurin jini a ƙanƙara ake kai shi, in ba haka ba maganin zai ci gaba da aiki a cikin kwalba ya ba da lambar ƙarya. Saboda wannan haɗarin ne ake hawa da venetoclax a hankali a CLL, wata lukimiyar mai tafiya a hankali: miligiram 20, 50, 100, 200, 400, mako ɗaya kowanne.

Karon magunguna ma yana kisa a ɓoye. Posaconazole da voriconazole, da ake bayarwa don kariya daga fangas, suna hana hanta fitar da venetoclax, sai an rage shi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu ko ƙasa. Su dai suna ƙara dafin vincristine har hanji ya tsaya. Allopurinol yana tara mercaptopurine a jiki. Methotrexate mai yawa yana bukatar fitsari ya kai pH 7, da leucovorin, mai kare jiki daga dafinsa, a kan lokaci, a kuma ɗauke co-trimoxazole, omeprazole da dangin ibuprofen. Kafin rituximab, wanda ke cikin haɗin R-CHOP, a gwada ciwon hanta nau'in B, har da alamar wanda ya taɓa yi ya warke, domin yana farkawa ya lalata hanta, a rufe da entecavir ko tenofovir har bayan gama jinya da watanni. Mai shan bortezomib a ba shi acyclovir, kuma allurar ƙarƙashin fata ta fi ta jijiya sauƙin lalata jijiyoyin ƙafa. Kafin daratumumab a sanar da ma'ajiyar jini, don yana rikita gwajin dacewar jini na watanni.

Ɗaya kuma ba a yi masa uzuri: vincristine ta jijiya kawai. Idan ta shiga ruwan laka kusan kullum ajali ne. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a haɗa ta a ƙaramar jakar ƙarin ruwa maimakon sirinji, don kada a ruɗe ta da allurar gadon baya.

Likitan Jini:

Madalla, Malam, wannan ƙarin ya zo a wurinsa. Saura dashen ɓargo, da aka ambata ba a buɗe ba, kuma iri biyu ne da ake yawan haɗawa.

A na mayaloma da wasu limfoma, ƙwayoyin mutum ne da kansa ake tarawa a daskarar, a ba shi kemo mai tsanani, melphalan 200 mg/m² a mayaloma, sannan a mayar masa don ɓargon ya farfaɗo. Kemon ne maganin, dashen ceto ne kawai. Tsotsar ƙanƙara lokacin ɗura melphalan yana rage gyambon baki sosai.

A na AML da ALL masu haɗari, daga wani ake karɓa, kuma garkuwar mai bayarwa ce ke farautar ragowar ciwon. An gane haka ne da aka ga waɗanda suka karɓa daga tagwayensu masu kama ɗaya ciwonsu ya fi dawowa. Wannan garkuwar dai ita ke juyowa kan fata, hanta da hanjin majinyaci. Kowane ɗan'uwa shaƙiƙi yana da damar 1 cikin 4 ta dacewa gaba ɗaya, abin da ya daɗe yana barin mutane da yawa ba mai ba su. Masu bincike a Johns Hopkins suka nuna cewa idan aka ba da cyclophosphamide miligiram 50 ga kowane kilo a rana ta 3 da ta 4 bayan dashe, yana kashe ƙwayoyin T da suka tunzura ya bar sauran, sai dashe daga uwa, uba ko ɗa mai rabin dacewa ya yiwu. A 2023 gwajin BMT CTN 1703 ya nuna dabarar tana amfani har ga masu cikakkiyar dacewa: bayan shekara 1, kashi 52.7 suna raye ba ciwon, ba kuma mummunan rikicin garkuwa, a kan 34.9 na tsohon tsari.

Abin lura ga masu jinya: duk wanda ake tunanin zai iya bukatar irin wannan dashen, kada a ƙara masa jinin danginsa na jini tun daga ranar farko, don jikinsa zai iya ƙera garkuwa a kan wanda zai ba shi ɓargo gobe. A aika gwajin dacewar ɓargo, wato HLA, nasa da na 'yan'uwansa da wuri, tun ana zagayen farko na kemo, domin lafawar farko ita ce lokacin da dashe ya fi yin nasara, kuma a AML mai haɗari ba ta cika daɗewa ba.